Filin Gasa da Haƙƙin Wanda Ya Faɗi

Duk gasar da ake shiryawa domin fid da zakara guda, idan aka zauna aka yi mata lissafi, sai a tarar masu faɗuwa ta fi haifarwa. A gasar ƙwallon kwando ta ɗaliban jami'o'in Amurka, wadda ake farawa cikin watan Maris a ƙare a farkon Afrilu, ƙungiyoyin maza 68 ne suka shiga a shekarar 2025. An buga wasa 67, kuma kowane wasa ya sallami ƙungiya ɗaya ta koma gida. A gasar Takobin Ƙasa ta kokowar gargajiya a Nijar, jahohi takwas kan kawo ƙarfafa goma-goma, su 80 ke nan, amma mutum ɗaya ake naɗa wa rawani a miƙa masa takobi. Sauran 79 haƙuri ne guzurinsu na komawa gida.

Wannan lissafi ya isa ya sa malamin makaranta da shugaban ƙungiyar al'adu su tsaya su yi nazari. Ana zuba dukiya a gina filayen gasa, ana tara dubban jama'a, ana ɗebo samari daga aji da gona a kai su tsakiyar fili, alhali an sani tun kafin a busa usur cewa mafi yawansu kaye za su sha. To, domin wa aka gina filin? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce domin zakara. Sai dai zakara ba shi da wata babbar bukata ga fili, don ko a ina ya yi nasara maroƙa za su nemo shi. Wanda mutuncinsa ya rataya ga kyawun fili shi ne wanda ya faɗi. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna filin gasa da shi, ko na Tawa ne, ko na Amurka, ko na harabar wata makaranta a Bangi, shi ne halin da yake barin mai faɗuwa a ciki.

Abin da ya raba wasa da faɗa

A ƙauyukan Bangi da Madawa, da na Buza da Keita, kokowa ta riga siminti zuwa. Idan kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, samarin wani gari kan tashi da makaɗansu su tafi wani gari. Ba a bukatar komi sai rairayi mai laushi da jama'ar da za ta yi da'ira, dattawa a gaba, yara a tsugune. Wannan da'ira ita ce filin gasa na farko, kuma aikin da take yi ba na rainawa ba ne. Samari biyu da suka cakumi juna a kasuwa faɗa suke yi, ƙarshensa gaban mai gari ko jandarmomi, wani lokaci ma har gaba ta shiga tsakanin dangi. Samarin nan biyu, da kamun nan ɗaya, idan cikin da'ira suke, wasa suke yi. Wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe jikinsa, da dare su ci tuwo a akushi guda. Ƙarfinsu bai ragu ba, son nasara bai fita daga zukatansu ba. Abin da da'irar ta ƙara kawai shi ne alkawari.

Ga yadda alkawarin yake. Wanda ya shiga fili ya yarda a gwada shi a bainar jama'a, ya yarda a ga iyakar ƙarfinsa. Wannan kyauta ce babba, domin a ɗabi'ar ɗan Adam ɓoye rauni ya fi masa daɗi. Abin da yake nema a madadinta bai da yawa: a yi masa hukunci da ƙa'idar da aka yi wa abokin karawarsa, a tsaya da zarar ya faɗi, kuma faɗuwar ta tsaya cikin fili, kada ta bi shi gida ta zama abin gori. Filin da ya cika wannan alkawari ya mai da gaba ta koma zumunci. Wanda ya saɓa shi kuwa ya ci amanar ƴaƴan mutane, komi tsadar gininsa.

Ita ma ƙwallon kwando a kan irin wannan tunani aka haife ta. Wani malamin motsa jiki ne mai suna James Naismith ya ƙirƙiro ta cikin watan Disamba na 1891 a garin Springfield na Amurka, lokacin da sanyi ya hana ɗalibansa fita waje. Ya nemi wasan da za a yi cikin ɗaki ba tare da an raunata juna ba. Sai ya hana gudu da ƙwallo a hannu, domin kada a sami dalilin kai wa mai riƙe da ita cafka, ya kuma ɗaga kwandon sama da mita uku, domin dabara ta fi ƙarfi amfani. Dokoki 13 ya rubuta. Daga baya ya horar da ƙungiyar Jami'ar Kansas, inda ya ci wasa 55 aka cinye shi 60. Wato mutumin da ya ƙirƙiro wasan da kansa ya fi sanin faɗuwa da nasara, kuma hakan bai rage masa daraja ba a idon kowa.

Ƙasar da ba ta kowa ba

Haƙƙin farko da mai faɗuwa yake da shi a kan fili shi ne ya tabbata ƙarfi ne ya kayar da shi, ba wuri ba. Kowa ya san amfanin wasa a gida. Ɗan gida ya san ƙasar, ya kwana a gadonsa, ihun jama'a na bayansa, shi ma alƙalin wasa mutum ne mai kunne. Baƙon da aka kayar a irin wannan hali zai koma gida da shakka a ransa, shakka kuwa ta fi kaye ciwo, domin kaye ana warkewa daga gare shi da ƙarin horo, ita kuwa ƙiyayya take zama.

Amurkawa da ƴan Nijar kowa da maganin da ya nemo wa wannan matsala. A gasar maza ta jami'o'in Amurka, ƙa'ida ita ce a raba wasannin a birane daban-daban, kada ƙungiya ta yi wasa a filin da ta saba. Wasannin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe kuwa, birnin da zai ɗauke su tun shekaru kafin ranar ake zaɓensa, har daɓen katakon da za a taka sabo ake shimfiɗawa. A Nijar hanyar karɓa-karɓa aka bi. Tun da aka fara gasar a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, gasar take zagaya manyan biranen jahohi. Ko da yaushe akwai mai gida, amma mai gidan bana baƙo ne baɗi. Wanda ya san gobe shi zai sauka a gidan wani yakan kula da yadda yake saukar da mutane yau.

Hanyar farko tana neman ta shafe gida gaba ɗaya. Ta biyu ta amince cewa babu wurin da ba gidan wani ba ne, sai ta ɗora wa mai gida nauyi. A wajen tarbiyya ta biyun ta fi zurfi, domin adalcin da aka yi a ƙasar da ba ta kowa ba bai gwada kowa ba. Gwajin gaskiya yana nan ga jama'ar da za ta zauna a filinta, ta ga baƙo ya kayar da ɗanta, ta bari a naɗa masa rawani. Ana ganin haka tun daga ranar farko, tun da bamaraɗe ne ya fita da takobi daga Tawa. An sake gani a Disamban 2024. Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi na shida a Agadas a 2023, ya zo kare shi a filin Salma Ɗan Rani, wato a gidansa, sai takobin ya kuɓuce masa, Abba Ibrahim na Yamai ya tafi da shi.

Su ma Amurkawa sun gano da wahala cewa sabon daɓe kaɗai ba ya wanke wuri. Shekaru da dama Jami'ar Mississippi State tana ƙin zuwa gasar, domin shugabannin jaharta ba su yarda ɗalibai farare su yi wasa da baƙaƙe ba. A 1963 ƴan wasanta suka sulale daga jahar a ɓoye, don kada umarnin kotu ya riske su, suka tafi jahar Michigan suka kara da Jami'ar Loyola ta Chicago, wadda ta sako baƙaƙe huɗu cikin biyar na farko. An cinye su da ci 61 da 51, Loyola kuma ta wuce ta ɗauki kofin shekarar. Amma har yau ana tuna waɗanda aka cinye ɗin da girmamawa, domin shigarsu fili ta fi sakamakon wasan daraja. Daga 2001 kuma hukumar wasannin jami'o'in, wato NCAA, ta daina ba jahohin South Carolina da Mississippi baƙuncin wasannin da ake zaɓar musu wuri tun gaba, saboda tutar masu kare bauta da suke ɗagawa. South Carolina ta sauke tutar a 2015, Mississippi ta canza tata a 2020. Ma'anar hukuncin a fili take: wurin da yake ƙasƙantar da wani ɓangare na baƙinsa tun daga ƙofa bai cancanci a kira shi filin gasa ba.

Mutanen Bangi ba sa bukatar dogon bayani a kan nauyin mai masauki. A ƙarshen 2021 dubban ƴan Nijeriya da hare-haren ƴan bindiga suka koro daga jahar Sakkwato a ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma suka sami mafaka, a gidajen mutanen da su ma ba wadata gare su ba. Al'ummar da ta iya raba rumbu da baƙo ba za ta kasa raba masa adalci a filin wasa ba. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma karin maganar bai keɓe baƙon da ya zo neman takobi ba.

Bayan an faɗi

Haƙƙi na biyu shi ne kada faɗuwa ta zama kora. A nan tsarin gasannin biyu ya sha bamban ƙwarai. A Amurka kaye ɗaya ya isa. Ƙungiyar da ta shafe wata biyar tana nasara, idan hannu ya kuskure kwando a daƙiƙar ƙarshe, a daren nan za ta tattara kayanta. Hasali ma wannan rashin tausayi shi ne abin da yake jan masu kallo. A da akwai wasan neman matsayi na uku tsakanin waɗanda aka fitar a zagayen kusa da na ƙarshe, amma bayan 1981 aka soke shi, domin babu mai son kallon waɗanda aka riga aka kayar.

A gasar Takobi kuwa, a kwanakin farko jaha da jaha ake haɗawa, safe da marece. Wanda aka kayar ya fita daga sahun masu neman takobi, amma bai fita daga fili ba. Gobe zai sake ɗaura walki ya shiga da sunan jaharsa, kuma sau da yawa shi ne yake kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba, ya canza wa gasar alƙibla. Ana kuma ba da kyaututtuka ga wanda ya fi iya kirari, da wanda ya fi iya rawa, da wanda ya fi kyawun shiga. Ga ƴan cali-cali, masu kwaikwayon ƙarfafa suna ba jama'a dariya, suna sassauta zukata idan sun ɗauki zafi. Ga kuma al'adar nan ta mai nasara ya miƙa hannu ya ta da wanda ya kayar, su rungumi juna. Waɗannan abubuwa a ido kamar ado ne, alhali su ne hanyoyin da fili yake shaida wa mai faɗuwa cewa har yanzu yana da wurin tsayawa.

Labarin Hakeem Olajuwon ya nuna dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci. Ɗan Legas ne, ɗalibin wata makarantar horar da malamai, kuma ƙwallon hannu yake bugawa. Yana da shekara 15 aka sa shi cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu domin gasar makarantun malamai da aka yi a Sakkwato, birnin da jaharsa ta yi iyaka da ƙasar Bangi. Daga baya ya tafi Jami'ar Houston. Sau uku a jere ƙungiyarsa ta kai sahun huɗu na ƙarshe, a 1982 da 1983 da 1984, kuma sau uku tana komawa gida babu kofi. Na 1983 ya fi ciwo. A garin Albuquerque aka yi wasan ƙarshe, a wani fili da ake wa laƙabi da Rami, domin daɓensa yana ƙasa da doron ƙasa da kimanin mita 11. Kowa ya ba Houston nasara, sai Jami'ar North Carolina State ta jefa ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, aka tashi 54 da 52. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar, yana cikin ƙungiyar da aka cinye. A 1984 Jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing ce ta cinye su. Bayan shekara goma, a 1994, mutanen nan biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta NBA, Olajuwon ya yi nasara, ya kuma maimaita ɗaukar kofin a 1995. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Da faɗuwa uku ta isa a yanke wa mutum hukunci, da ba a ga abin da ya biyo baya ba.

Idan fili ya fi ɗan wasa girma

Haƙƙi na uku ya shafi abin da mai faɗuwa zai koma ya tarar. A nan ne girman filaye ya zama abin tuhuma. Gasar jami'o'in Amurka ta fara a 1939 da ƙungiyoyi takwas, aka yi wasan ƙarshe a ɗakin motsa jiki na wata jami'a kusa da Chicago, kuma masu shirya ta faɗuwa suka yi a kuɗi. Daga 1997 wasannin ƙarshe suka koma manyan filaye masu rufi, irin waɗanda ake ginawa domin ƙwallon ƙafar Amurka. A 2014, a jahar Texas, mutum sama da 79,000 suka kalli wasan ƙarshe, na saman bene suna hangen ƴan wasa kamar tururuwa. A 2010 gidajen talabijin suka sayi izinin nuna gasar na shekara 14 a kan dalar Amurka miliyar 10 da miliyan 800.

Su kuwa ɗaliban da guminsu ya tara wannan dukiya, shekaru da yawa abin da suke samu shi ne kuɗin karatu da masauki da abinci, da sunan cewa su ɗalibai ne ba ƴan kwangila ba. Sai a 2021 aka ba su izinin cin amfanin sunayensu ta hanyar talla, a 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyansu kai tsaye. An rage zalunci, amma tambayar tana nan. NBA kimanin sababbin ƴan wasa 60 take zaɓa a shekara, daga Amurka da sauran duniya, alhali dubbai ne suke wasa a jami'o'i. Ɗalibin da tafiye-tafiyen gasa suka cinye masa darasi, aka fitar da ƙungiyarsa a zagayen farko, bai sami kwangila ba, bai kuma sami ilimi mai amfani ba, ya faɗi sau biyu. Faɗuwar farko ya yarda da ita ranar da ya shiga fili. Ta biyun kuwa babu wanda ya nemi yardarsa.

Sunayen filaye ma suna faɗin wanda ake girmamawa. Manyan filayen Amurka da dama sunayen kamfanoni suke ɗauke da su, mai kuɗi ya saya na wasu shekaru, wa'adi ya cika a kankare a rubuta wani. A Nijar sunayen ƴan kokowa aka sa: Hamidine Maïdaré a Tawa, Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Salma Ɗan Rani a Doso. Wannan zaɓi ne mai kyau, domin ya nuna fili na masu gumi ne. Sai dai suna a bakin ƙofa ba ya ciyar da kowa. Mutane kaɗan aka rubuta sunayensu, ɗaruruwa kuwa sun ƙare ƙuruciyarsu cikin rairayin nan, sun koma ƙauye da ciwon gwiwa da na baya. Idan gasar kwana goma ta watse, aka rufe ƙofa, tambayar da ta rage ita ce wa ke tuna da su. Ƙasar da ta iya gina fili ta iya tanadar wa tsofaffin ƙarfafanta magani da sana'a.

Ƙorafin masu son nasara

Akwai masu cewa irin wannan magana tana kashe zuciya. A ganinsu zafin kaye ne yake sa yaro ya tashi da asuba ya yi horo, kuma al'ummar da take lallashin mai faɗuwa raggaye za ta haifa. Wannan ƙorafi yana da gaskiya a ciki, bai kamata a yi watsi da shi ba. Gasar da aka ce kowa ya ci ba gasa ba ce, yara ma sun fi kowa saurin gane ƙarya. Wanda aka kayar dole a ce an kayar da shi, a rubuta, a sanar. Ɓoye masa gaskiya raini ne, domin an ɗauke shi wanda ba zai iya ɗaukar ta ba.

Amma zafin kaye daban, wulaƙanci daban. Zafin kaye daga cikin zuciya yake fitowa, yana tura mutum ya gyara. Wulaƙanci daga waje yake zuwa, ta hanyar jifa da ihu da gori da zagin iyaye, kuma abin da yake koya wa yaro shi ne kada ya sake yarda a gwada shi, ko kuma ya nemi nasara ta kowace hanya. Daga nan ne ake samun rage shekaru a takarda, da sanya wanda ba ɗalibi ba cikin ƙungiyar makaranta, da neman alƙalin wasa da dare. Inda faɗuwa ta zama abin kunya, maguɗi yakan zama dabara. Wato tsananta wa mai faɗuwa ita ce take lalata nasarar da ake cewa ana karewa.

Bugu da ƙari, darajar kowace nasara aro ce daga wanda aka kayar. Babu maroƙin da yake yi wa ƙato kirari don ya kayar da yaro. Takobin Kantu ya yi nauyi ne saboda nauyin mutanen da ya kayar kafin ya ɗauke shi. Idan jama'a ta ce wanda ya faɗi banza ne, to ta ce zakaranta banza ya kayar. Mai nasara yana da bashi a wuyansa ga duk wanda ya tsaya gabansa da gaskiya ya ba shi wahala, kuma hannun nan da yake miƙawa ya ta da shi biyan wani ɓangare ne na bashin.

Filin makaranta

Duk wannan bayani a harabar makaranta yake fara aiki, domin a can ne yaro yake fara faɗuwa a gaban jama'a. Filin ƙwallon kwando na ƙa'ida mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, da turaku biyu da zobba biyu. Mutanen Keita, waɗanda daga 1984 suka yi ta jera duwatsu da hannu a kan tuddai domin farfaɗo da ƙasar da ruwa ya zaizaye, ba za su kasa daddaɓe wuri kamar wannan ba. Na kokowa ma bai kai haka wahala ba, buhunan rairayi ne a jera. Abin da yake da wuya shi ne tsarin da za a ɗora a kai, kuma wannan a hannun malamai da ƙungiyoyin al'adu yake.

Idan makarantun Bangi da Madawa da Buza da Keita za su haɗa gasa, to a yi ta karɓa-karɓa, domin kowace makaranta ta ɗanɗani zama mai gida da zama baƙuwa. A ɗauko alƙalin wasa daga garin da ba ya cikin karawar ranar. A tsara wasannin yadda ƙungiyar da ta yi doguwar tafiya a bayan mota ba za ta koma gida bayan wasa ɗaya ba. A sauke baƙi a ciyar da su tare da ƴan gida, kafin wasa da bayansa. A ba ƴan mata lokacinsu a filin, domin wadda aka hana shiga an kayar da ita tun ba a fara ba. A duba takardun kowane ɗan wasa, kuma kada gasa ta ci lokacin darasi, domin yaron da aka cinye ya koma ya tarar da ajinsa yana jiransa. Ranar rufewa kuma, kafin a kira zakara, a kira kowace ƙungiya da sunanta ta fito a gaishe ta.

Malamai sun fi kowa sanin cewa aji ma filin gasa ne. Kowane ƙarshen zango ana karanta sakamako, akwai na ɗaya, akwai na ƙarshe, kuma kowace shekara jarrabawar ƙasa tana barin yara da yawa a baya. Yaron da ya koya a filin wasa cewa ana faɗuwa a tashi, cewa wanda ya kayar da shi zai miƙo masa hannu, cewa jama'a ba za ta yi masa ihu ba, zai fuskanci sakamakon jarrabawa da wata irin zuciya. Zai kuma girma ya zama mutumin da zai iya faɗuwa zaɓe, ko shari'a, ko neman sarauta, ba tare da ya nemi a ƙona gari ba. Ƙasashe da yawa sun shiga wahala saboda rashin mutanen da suka iya faɗuwa, da rashin masu nasarar da suka iya barin wanda suka kayar da mutuncinsa.

Saboda haka idan aka tashi gina fili, ko gyara shi, ko neman baƙuncin gasa, kafin a tambayi yawan kujeru da kuɗin shiga sai a fara tambayar ta wace ƙofa wanda aka kayar zai fita, da wa zai raka shi, da abin da zai tarar idan ya isa gida. Filin da yake da amsar waɗannan tambayoyi iyaye za su yarda su turo masa ƴaƴansu baɗi.